Yadda Ake Haɗa Batiri Mai Lanƙwasuwa da Haidurojel a Makarantar Ƙauye

Kowane batiri yana da wani sinadari a tsakanin ƙarafansa biyu wanda ƙwayoyin caji suke ratsawa, ana kiransa ilektirolait. Idan ruwa ne tsagwaronsa, da zarar an tanƙwara batirin sai ya tsiyaye. Shi ya sa masu bincike suka koma ga haidurojel, wato ruwan da aka kama a cikin ragar sinadari har ya kafe kamar kokon da ya kwana, yana lanƙwasuwa amma ba ya zuba. Malamin kimiyya a ƙauyukan Ringim ko Gumel zai iya haɗa shi tare da ɗalibansa.

Da farko a nemi garin PVA, wato sinadarin da zarensa ke zama ragar da ke kama ruwan, a shagunan kayan gwaje-gwaje a Kano, da gilisarin daga kemis. A zuba giram 10 na garin a cikin mililita 90 na ruwa mai tsabta, a ɗora a wuta a riƙe zafin a wajen digiri 90 na ma'aunin Celsius, ana juyawa a hankali har sai ya narke sarai ya yi kauri. A nan ake bukatar haƙuri, domin gudaji ko ɗaya ya rage, daga wurinsa jel ɗin zai yage daga baya. Sai a shimfiɗa shi siriri a faranti, a sa a firiza ya kwana, a fitar ya saki, a maimaita sau 3. Wannan daskarewa da sakin ne yake ɗaure zaren sinadarin da juna. Inda babu wutar lantarki, firizar masu sayar da ƙanƙara ta wadatar.

Daga nan a jiƙa shi kwana guda a ruwa mililita 100 mai ɗauke da giram 6 na gishiri da mililita 20 na gilisarin. Ina roƙon malamai kada su tsallake gilisarin, domin iskar hunturu da zafin bazara su ne manyan abokan gabar wannan aiki a ƙasarmu. Jel ɗin da ya bushe ya daina wucar da caji, gilisarin kuwa yana riƙe masa danshi.

A yanko shi, a sa tsakanin siririn falle na zinki da na jan ƙarfe, a tabbatar ƙarafan ba su taɓa juna ba, sannan a ɗaura wa kowane falle waya, a rufe cikin leda a bar bakin wayoyin a waje. Ana samun zinki a jikin tsohon batirin tocila na gargajiya, amma kada a kuskura a fasa batirin waya. Mitar auna ƙarfin lantarki za ta nuna ƙasa da volt 1, don haka sai an haɗa irin wannan batiri guda 3 a jere kafin ƙaramin ƙwan LED ja ya kama. A bar ɗalibai su naɗe ledar a jikin kara, su sake aunawa, su rubuta abin da mitar ta nuna kullum har mako guda.