Auna gudun ƙwayoyi da leza: inda sababbin ɗalibai ke ɓata aiki

Duk shekara ƙannenmu na zuwa Saudiyya karatu daga Kano, Zariya ko Damagaram, wasu su faɗo ɗakin gwajin da ake auna gudun ƙwayoyi, wato ƙananan ɓurɓushi irin na ƙura da ke tafiya cikin iska ko ruwa, da hasken leza, kuma kurakuran nan dai su ake ta maimaitawa. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1964 Yeh da Cummins suka nuna ta a Jami'ar Columbia ta Amurka: haske ya bugi ƙwayar da ke tafiya, ya dawo da ɗan sauyi a yawan kaɗawarsa, daga sauyin a fitar da gudu. Da leza mai tsawon zango nanomita 1550 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ƙwayar da ta nufo ka da gudun mita 1 a daƙiƙa tana ba da sauyin kusan megahaz 1.29, wato kaɗawa miliyan 1.29 a daƙiƙa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne datti a bakin zaren gilashin da hasken leza ke bi. Cibiyar da haske ke bi a cikin zaren faɗinta kusan maikuron 9 ne (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), silin gashin kai ya ninka ta sau da yawa. Ga shi ƙasar nan ƙura ba ta neman izini, ko ɗakin da ke rufe da na'urar sanyi sai ta shiga. Wani ƙanenmu ya cire murfin zare, ya ajiye shi a tebur, ya tafi sallar Azahar. Da ya dawo ya jona, ya kunna leza mai ƙarfi. Ƙurar ta ƙone a bakin zaren, ta bar tabo, ta kuma lalata bakin da aka jona masa. Aikin rukuninmu gaba ɗaya ya tsaya cik muna jiran sabo, ga wa'adin miƙa sakamako ya matso. Haba, ɗan'uwa! Murfin nan ba ado ba ne. Ni ƙa'idata: kashe leza, duba bakin da madubin ƙara girma, goge da ƙyallen da ba ya barin ɓurɓushi, wanda aka ɗiga wa ruwan gogewa na isopropyl, jan hannu ɗaya, sake dubawa, sannan a jona. Ko sabo ne dal daga leda haka nake yi, wasu na cewa na cika tsanani. Kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen jallabiya.

Sai kusurwa. Idan zare ɗaya ke aika haske yana karɓa, gudun da ke kan layin hasken kawai yake gani. Ka karkace da digiri 30, sakamakonka ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari, na'urar kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Auna kusurwar ka rubuta kafin a fara, ba bayan an kwance kaya ba.

Kan jona, wato abin da ke bakin zare da ake jonawa da shi, akwai kore akwai shuɗi: koren an goge bakinsa a karkace da digiri 8, kada ka haɗa shi da shuɗi. Kada ka lanƙwasa zare sosai, haske na zuba ta wurin. Idan gudun iska kake nema, zuba ƙwayoyin da ba su wuce kimanin maikuron 1 ba. Yashi nauyi gare shi, iska na barin sa a baya.

Hasken nanomita 1550 ido ba ya ganin sa, don haka kada ka leƙa bakin zare wai ka ga ko leza na aiki. Sa tabarau na kariya, ka gwada da katin da ke nuna hasken.