Yadda ɗan riƙo daga Tsibiran Marshal zai bi sawun asalinsa

A ƙarshen shekarun 1990 an kwashi ɗaruruwan yara daga Tsibiran Marshal, wata ƙaramar ƙasa a tsakiyar tekun Fasifik, aka kai su gidajen Amurkawa. Yau sun zama manya. Da yawansu ba sa jin yaren iyayensu, ba su san sunan tsibirin da aka binne cibiyarsu ba. Idan kana cikinsu, ko kana zaune da ɗaya daga cikinsu, ga hanyar da nake ganin ta fi kai mutum gida.

Fara da gane abin da mahaifiyarka ta ɗauka ta yi

Kafin takarda, kafin tikitin jirgi, wannan ne ya kamata ya zauna maka a rai. Mutanen Marshal suna da riƙo irin nasu, suna ce masa kokajiriri, kuma Bahaushe zai gane shi nan take: gwaggo ko kaka ta karɓi yaro ta raina, shi kuwa ya san uwarsa, yana zuwa gidanta, ba wanda ya yanke wata igiya. Riƙon Amurka ba haka yake ba. Alƙali ne ke sa hannu, a soke haƙƙin iyayen haihuwa gaba ɗaya, a canza suna, a rufe fayil. Iyaye mata da yawa sun sa hannu a takardun Turanci da ba su fahimta ba, suna zaton yaro zai je ya yi karatu, ya cika shekara 18 ya dawo.

Abin ya yi muni har ƙasar Marshal ta kafa dokar riƙo a 2002, tare da hukuma guda da ke kula da shi. Duk da haka ba a daina ba. A 2019 aka kama Paul Petersen, lauya kuma jami'in gwamnati a jihar Arizona, saboda biyan mata masu ciki kuɗi su zo Amurka su haihu a ba da jariran, kuma ya amsa laifi aka ɗaure shi. Don haka kada ka shiga neman nan da zuciyar wanda aka yar. Mai yiwuwa akwai matar da take ƙirga shekarunka har yau.

Tattara takardu

Tambayi iyayen da suka raine ka duk abin da suka ajiye: hukuncin kotu, takardar haihuwa ta asali, tsohon fasfo, hotuna, wasiƙu, sunan wanda ya haɗa su da danginka. Ka tambaya da ladabi, domin su ma suna tsoron rasa ka. Idan a Amurka aka haife ka, dokar buɗe takardar haihuwa ta asali ta bambanta daga jiha zuwa jiha, sai ka duba ta jihar da aka haife ka.

Akwai wani tarko a nan. Yarjejeniyar 1986 tsakanin ƙasashen biyu ta ba ƴan Marshal damar shiga Amurka su zauna su yi aiki ba tare da biza ba, kuma ta wannan ƙofa aka shigo da yara da yawa. Wanda ya shigo haka ba lallai ne ya zama ɗan ƙasar Amurka ba don kawai an riƙe shi. Ka ga lauyan shige da fice ya tabbatar maka da matsayinka kafin ka sa ƙafa waje.

Nemi sunan uwa, da tsibirinta, da zuriyarta

Nan ne gundarin aikin. A Marshal ta wajen uwa ake gadon ƙasa da zuriya. Kowa yana da jowi, wato babbar zuriyar da ya gada daga mahaifiyarsa, yana kuma da bwij, dangin uwa na kusa waɗanda suka haɗa haƙƙi a kan yankin ƙasa da ake kira weto. Mai kula da ƙasar dangi shi ne alap, sama da shi kuma akwai iroij, sarki. Ma'anar wannan a gare ka babba ce: jowi ɗinka ba a fayil ɗin kotun Amurka yake ba, a jinin mahaifiyarka yake.

Saboda haka tambayoyi uku za ka riƙe: sunan mahaifiyarka cikakke, tsibirin da danginta suka fito, da jowi ɗinta. Kada ka tsaya ga "Majuro" da ke rubuce a takarda. Majuro babban birni ne, kowa can yake zuwa asibiti da neman aiki. Asalin yana iya zama Jaluit, ko Arno, ko Ebon, a ɗaya daga jerin tsibirai biyu na ƙasar, Ratak na gabas da Ralik na yamma. Mutanen ƙasar ba yawa gare su ba, dattijuwa ɗaya da ta ji sunan nan uku tana iya gaya maka wanda za ka kira. Gwajin DNA yana taimakawa wani lokaci, amma bakin tsofaffi ya fi shi sauri.

Je inda suke, tun kafin ka haye teku

Garin Springdale a jihar Arkansas ne ya fi ko'ina tara ƴan Marshal a babban yankin Amurka, wato ban da tsibiranta irin su Hawaii, da yawansu suna aiki a masana'antun kaji. Akwai ƙaramin ofishin jakadancinsu a can, da ƙungiyar Marshallese Educational Initiative mai wayar da kai kan yarensu da al'adunsu. Ka je cocinsu ranar Lahadi. Ka halarci bikin ranar tsarin mulki da suke yi a watan Mayu. Idan aka gayyace ka kemem, bikin cikar yaro shekara ɗaya, kada ka ƙi: dangi kaf ake tarawa, a yi waƙa, a bi layi ana miƙa wa yaron kuɗi, kai ma ka shiga layin da dalarka a hannu.

Koyi yaren ko da kaɗan ne. Iakwe ita ce gaisuwa, kommol tata na gode ƙwarai, bubu kaka mace, jimma kaka namiji. Za su yi dariyar lafazinka, wani ma ya kira ka ribelle, wato Bature. Zai yi zafi. Ka daure ka koma mako mai zuwa.

San abin da ya faru da ƙasar

Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta gwada makaman nukiliya sau 67 a tsibiran Bikini da Enewetak na ƙasar Marshal. Mafi girma, ranar 1 ga Maris 1954, ya zubar da toka mai guba a kan mutanen tsibiran Rongelap da Utrik. Idan danginka daga can suke, wannan tarihin lafiyarka ne, ka gaya wa likitanka.

Saduwa

Idan ka samu lamba ko shafin Facebook, kada ka faɗa wa mahaifiyarka kai tsaye da dare ɗaya. Nemi dattijo ko fasto ya yi maka iso, ka sami tafinta wanda ba ɗan gidan ba ne. Tana iya samun miji da ƴaƴan da ba su san da kai ba. Ka kuma shirya wa roƙo: a wurinsu ɗan'uwa mai hali yana taimakon dangi, ba cuta ba ce. Ka yanke abin da za ka iya tun da wuri, ka faɗe shi a fili.

In lokacin tafiya ya yi, jirgin kamfanin United yana tashi daga Honolulu, a Hawaii, ya sauka Majuro, dalar Amurka ake kashewa. Ka leƙa gidan tarihi na Alele ka ga taswirar teku ta sanduna da tabarmin gargajiya da ake kira jaki-ed. Sa tufafi masu rufe gwiwa, kada ka tsaya tsaye a kan dattawa suna zaune, kada ka je hannu rabbana. Sannan ka roƙi alap ya zaga da kai weto ɗin danginku, daga bakin tafkin da tsibiran suka kewaye har bakin teku, ya nuna maka iyaka da kaburburan kakanninka. Riƙe littafi, ka rubuta kowane suna yadda ya faɗe shi.