Darasi: Kalmar "infallible" da yadda ake amfani da ita

Idan Bature ya ce mutum infallible ne, yana nufin ba ya kuskure ko sau ɗaya, kusan abin da muke kira ma'asumi. Idan kuma dabara ce ko magani ake nufi, to wanda bai taɓa ƙin ci ba ke nan.

Gaɓoɓinta huɗu: in-fa-li-bul. A danna murya a kan ta biyu, wato "fa". Haruffanta 10, kuma wuri biyu ne masu koyo suka fi zamewa: "l" biyu ne a tsakiya, sannan ƙarshenta "ible" ne, ba "able" ba.

Daga Latin ta fito, inda "fallere" ke nufin ruɗarwa. Wannan "in" na farko shi ne ke korewa. A cire shi, sai a sami fallible, mai iya kuskure. Amma a kula, ba kowane "in" ne ke korewa ba: inflammable na nufin abu mai saurin kamawa da wuta, kuma rashin sanin wannan yana da haɗari.

Tun da ta fara da wasali, "an" ake sa mata a gaba: "an infallible method". Ba a cika haɗa ta da "very" ko "more" ba, domin rashin kuskure ba shi da hawa-hawa.

Ga inda ya kamata ku fi maida hankali. Kalmar tana da nauyi ƙwarai, shi ya sa a maganar yau da kullum aka fi jin ta da korewa: "Nobody is infallible", wato ɗan Adam ajizi ne. A addini ma ana amfani da ita. A 1870 Majalisar Vatican ta Farko, wato babban taron shugabannin cocin Katolika, ta ayyana cewa Fafaroma ba ya kuskure idan ya yanke hukunci a hukumance kan aƙida ko ɗabi'a. Saboda haka idan za ku yabi direba mai cika alƙawari ko injin da ba ya yawan lalacewa, ku ce reliable, abin dogaro. Wanda ya rubuta "I am infallible" a takardar neman aiki, cika baki za a ɗauka ya yi.

Aiki: ku rubuta jimla biyu da reliable, ɗaya da infallible, ku karanta su da ƙarfi kuna danna "fa".