Kurakuran da ke buɗe wa 'yan damfara ƙofar asusunka

Duk wanda ya taɓa zama a shago, ko a Kantin Kwari ne ko a Dawanau, ya san wannan yanayin. An gama ciniki, an ɗaure kaya, mota na jira a waje, sai mai saye ya miƙo wayarsa ya ce, "Alhaji ga shi na tura, duba ka gani." Ka ga rasit a fuskar wayarsa, wata sa'a ma saƙo ya shigo taka wayar. A nan ne kunya ke kama mutum. Yana ganin idan ya ce sai ya tabbatar, kamar ya ƙaryata dattijo mai babbar riga ne. Ɗan damfara kuwa wannan kunyar ya zo saye, kayan riba ce a kai.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane: ɗaukar alat a matsayin kuɗi. Saƙon tes kowa na iya shirya shi ya sa masa suna mai kama da na banki, hoton rasit kuma yaro mai waya zai gyara shi cikin minti biyu. Abin da ba a iya ƙirƙira shi ne abin da ke cikin asusunka. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin sun ƙaru. Idan an ce "matsalar netwok ce, za su shigo," to kaya ma su jira netwok ɗin. Mai gaskiya zai zauna ya sha ruwa. Wanda ya fara fushi yana duba agogo, ya riga ya faɗa maka ko wane ne.

Cak ya fi alat daɗewa, amma tarkon iri ɗaya ne. Cak alƙawari ne a rubuce, sai bankin wanda ya ba da shi ya biya sannan ya zama kuɗi. Shi ya sa masu wannan sana'a suke son yammacin Juma'a ko jajiberin hutun Sallah, don kafin a buɗe banki a gane babu ko sisi a asusun, buhunan sun tsallake jihohi uku. Kar ka saki kaya don an ba ka takardar shaidar cewa an saka cak a asusunka. Ka tambayi bankinka ko kuɗin sun tabbata har kana iya cire su. Ka kuma duba kwanan wata, domin cak ɗin da ya wuce wata 6 banki ba ya karɓa. Gaskiya ne akwai dokar Najeriya ta 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya karɓi kaya da cak ɗin da babu kuɗi a bayansa. Amma sai an kama ɓarawo ake ɗaure shi, kuma ɗaurin ba ya dawo da masara.

Akwai wani salon da ya yi ƙamari a Amurka, wanda masu sayar da kaya ta intanet ya kamata su sani. Za a aiko maka cak ɗin da ya fi kuɗin kayanka, sannan a kira a ce an yi kuskure, ka taimaka ka mayar da rarar. Ka tura rarar daga guminka, bayan kwanaki cak ɗin ya fito na bogi. Ƙaninsa a nan gida shi ne mai kira yana rantse-rantse cewa ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar masa ta wani asusu dabam. Ko da kuɗin sun shigo da gaske, suna iya zama na sata, kai kuma ka zama gadar da aka bi da su, a rufe asusunka, EFCC ta zo da tambayoyi. Amsa ɗaya ce: "Mu haɗu a banki, su mayar da su inda suka fito."

Idan kai ne mai rubuta cak, kar ka sa hannu a kan wanda ba a cika ba, ko da ɗan cikinka za ka bar wa. Kar ka bar fili kafin adadi ko bayansa, ka ja layi a sauran wurin.

Sai kiran waya. Murya mai ladabi, ta san sunanka har da ranar haihuwarka, ta ce daga banki ne, za a toshe asusunka yau saboda matsalar BVN ko haɗa NIN. Sanin sunanka ba hujja ba ne, bayanan mutane na yawo a hannuwa da yawa. Tun da aka fara BVN a 2014 ake wannan wasa, har yau yana ci, saboda tsoro yana hana tunani. Babu bankin da zai nemi lambar sirrinka, ko lambobi 3 na bayan katinka, ko lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da aka turo maka don tabbatar da fitar kuɗi. Wanda ya nemi OTP yana tsaye ne a bakin asusunka, mabuɗin ƙarshe kawai yake jira. Ka kashe wayar, ka kira lambar da ke jikin katinka. Haka ma mahaɗin da ake yaɗawa a WhatsApp da sunan tallafin gwamnati: tallafin da zai fara da tambayar lambar katinka, kai ne za ka tallafa.

A wurin ATM kuwa, a yi hattara da mai taimakon da ba a nema ba. Zai ga lambar sirrinka, ya musanya katinka da wani mai kala ɗaya. Iyayenmu tsofaffi sun fi faɗawa nan, don haka a riƙa haɗa su da wani na gida. A wurin mai POS ma ka duba adadin da aka rubuta kafin ka danna lambarka, ka kuma kare ta da tafin hannu.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na wanda aka sace wa waya ya zauna yana jimamin wayar. Layin ya fi wayar tsada. Da layin da ka yi rajista, *565*0# kaɗai ya isa ya nuna wa ɓarawo BVN ɗinka. Ka sa wa layinka lambar sirri tun yanzu, ka kuma rubuta lambar toshe asusu ta bankinka a takarda, domin ana iya danna ta daga wayar wani. Ta Zenith *966*911# ce, ta Access *901*911#.

In har an riga an cuce ka, kar kunya ta sake cin ka karo na biyu. Ka sanar da banki cikin sa'ar nan, domin kuɗin da ba a kwashe daga asusun ɓarawo ba ana iya riƙe su. Ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar shaidarsa, ka ajiye saƙonnin da lambar da ta kira ka, ka kai rahoto ga 'yan sanda. Idan mako 2 ya wuce bankin bai warware ba, ka kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, da lambar ƙorafin a hannunka.