Yadda za ka sauya wa bindigar farautarka harsashi, da inda sayen sabuwa ya fi

Duk shekara idan farautar barewa ta ƙarato a nan jihar Wiskonsin ta Amurka, wato kwana taran nan na watan Nuwamba, sai wani cikin 'yan uwanmu ya kira ni: "Malam, na sayi bututun 6.5 Creedmoor, wa zan kai wa ya ɗaura min?" 6.5 Creedmoor sunan wani irin harsashi ne, kuma kowane bututu da irin harsashin da yake ci. Ni kuwa sai in tambaye shi wane harsashi bindigar take ci yanzu. Sau da yawa daga amsarsa nake gane kuɗin sun tafi. Bututu shi ake saye daga ƙarshe a wannan aiki, amma kowa da shi yake farawa.

Fara da doka. A Amurka gangar jikin bindiga mai lamba ita dokar tarayya ta sani, sauya bututu ba ya bukatar sabuwar takarda. A Ingila sai 'yan sanda sun gyara maka lasisi ya nuna sabon harsashin, a Afirka ta Kudu ma sai da izini. Wanda ke Nijeriya ya yi hattara: dokar makamai ta 1959 ta sa awon 7.62 da .303 cikin bindigogin soja da aka haramta wa farar hula, kuma gyaran bindiga kansa sai mai izinin 'yan sanda. Ba aikin bayan gida ba ne.

Na biyu, tambayi kanka dalili. In bututun ya cinye, harbi ya fara warwatsuwa duk da ka wanke shi, wannan dalili ne, kuma harsashin .243 ya fi na .308 saurin cinye bututu nesa ba kusa ba. In bindigar gado ce, ko kafaɗarka ta saba da ƙotarta, yatsanka ya san kunamarta, shi ma dalili ne. Amma in don kowa na zancen Creedmoor ne tun fitowarta a 2007, ka bar bindigarka yadda take. Barewar da ke tsaye mita 150 daga gare ka, .270 ta 1925 na kayar da ita sarai.

Na uku, gindin kwanso, wato ɓawon harsashi da albarushi ke ciki. Fuskar sakata, wato ƙarfen da kake ja ka tura ya ɗauko harsashi, an yanke ta daidai da faɗin gindin kwanson da bindigar ke ci. Kusan gida uku ne. Ƙanana irin .223 inci 0.378 ne. Gidan tsakiya inci 0.473, nan .243 da 7mm-08 da .308 da 6.5 Creedmoor da .270 da .30-06 suke. Manya irin 7mm Remington Magnum da .300 Winchester Magnum inci 0.532. Dokata ita ce kada ka tsallaka gida. Ana iya buɗe fuskar sakata ko a sayi wata, amma daga nan lissafi ya fita hannunka.

Na huɗu shi ne wanda ya ci ni, kuma a nan nake so ka zauna. Gindi ɗaya ba ya nufin tsawo ɗaya. Harsashin .308 tsawonsa inci 2.80 ne, na Creedmoor ya ɗara shi kaɗan, na .270 da .30-06 kuwa inci 3.34. Don haka kamfanoni irin su Remington suke ƙera ganga iri biyu, gajera da doguwa, kowace da gidan harsashinta, inda ake jera harsasai kafin sakata ta ɗauko su. Dogon harsashi ba ya shiga gajerar ganga, wannan kowa ya gane. Abin da ake rainawa shi ne gajeren harsashi a doguwar ganga, tunda yana shiga.

Tsohuwar .270 gare ni, doguwar ganga. Na ga gindin ya zo ɗaya da Creedmoor, na yi odar bututu, na kai wa maƙeri. Ya ce min in ƙara kuɗi ya gyara gidan harsashi, na ce a bar shi tukuna. A filin gwaji tana harbi kamar da hannu ake ajiye dalmar, uku a wuri ɗaya, don ɗaya bayan ɗaya nake sa su da yatsa. Ban taɓa cika gidan na ja sakata da sauri ba.

Ranar Asabar ta farko, bayan asuba, sanyi ya kama yatsuna, wani namijin barewa ya fito bakin gonar masara. Na yi bisimilla na harba, harbin ya ɗan yi baya da kafaɗa. Ya durƙusa ya miƙe. Na ja sakata in ƙara masa, sai ta cije a rabin hanya. Girgizar harbin farko ta zamar da sauran harsasan gaba cikin sararin rabin incin da gajeren harsashi ya bari a dogon gidan, na biyun ya taso a karkace, hancinsa ya daki gefen mazauni, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututu, ya tsaya. Kafin in zaro shi da farce, dabbar ta shige kurmi. Sai bayan azahar muka same shi muna bin jini a kan ganye, da sauran numfashi, na yanka shi. Awa shida yana shan wahala saboda kuɗin gyaran da na ƙi biya, kuma har yau abin yana damuna.

Saboda haka ka zauna cikin dangin da gangarka ta sani. Mai .243 ya koma 7mm-08 ko .260 ko .308, kwansonsu ɗaya ne aka matse wuyan ko aka buɗe. Mai .270 ko .30-06 ya koma .25-06, ko .280, ko .35 Whelen in manyan dabbobi yake nufi. Waɗannan bututu kawai suke bukata. Creedmoor a gajerar ganga yawanci ba ta da rigima, amma kafaɗar kwansonta ta fi tsayuwa, don haka a gwada. Ka nemi maƙeri ya ba ka harsasan gwaji marasa albarushi, ka cika gidan, ka ja sakata da ƙarfi da sauri kamar kana daji, sau goma ko fiye. Wanda ya ƙi hawa a shago ba zai hau a daji ba.

Na biyar, lissafi. Bututu mai kyau da kuɗin ɗaurawa a nan sukan kai dala 600 zuwa 900, ga jiran watanni. Sabuwar bindigar Ruger American ko Savage Axis ba ta kai haka ba, kuma tana harbi fiye da yadda yawancinmu muka iya saiti, ga tsohuwarka tana nan ba ka taɓa ta ba. In aikin ya haɗa da sakata da gidan harsashi, sayi sabuwa kawai. Masu Savage 110 su ne da sauƙi, don bututunsu da noti yake ɗaure, ana samun wanda aka gama yankawa a kan kuɗi kaɗan.

Sauran gajere ne. Faɗa wa mai bututu nauyin dalmar da za ka harba don ya zaɓi murɗin tsagar ciki. Creedmoor juyi ɗaya a inci 8 take so. Awon tazarar da ke tsakanin sakata da mazauni aikin maƙeri ne da ma'auninsa, ko da bututun na noti ne, ni ban yarda a yi shi da ido ba. A buga sunan sabon harsashi a jikin bututu. Ka kwashe tsofaffin harsasai daga jaka da aljihun riga da mota, domin wasu na shiga mazaunin da ba nasu ba: .308 na iya rufuwa a cikin .270, kuma dalmarta ta fi ramin kauri, bindiga ce za ta fashe a fuskarka. Daga nan ka sake saita madubin saiti a mita 100 da irin harsashin da za ka fita da shi, tun watan Satumba.