Yadda Ake Bibiyar Sukarin Jinin Kyanwa Mai Ciwon Sukari

Kyanwar da likitan dabbobi ya tabbatar tana da ciwon sukari, ya kuma ɗora ta a kan allurar insulin safe da yamma, ba za a san ko maganin ya yi mata daidai ba sai da gwajin jini. Gwajin da ya fi ruɗar mutane kuwa shi ne wanda aka yi sau ɗaya tak a kan teburin asibiti. Kyanwa dabba ce mai saurin firgita, kuma tsoro kaɗai yana iya ɗaga sukarinta ya kai miligiram 300 a kowace desilita ko da lafiyarta ƙalau, alhali a natse yakan tsaya ne wajajen 80 zuwa 120. Wanda ya sa kyanwarsa a kwando, ya ratsa cunkoson Terminus a garin Jos da ita a Keke Napep, sannan ya ajiye ta kusa da karnuka masu haushi, bai kamata ya ɗauki lambar da na'ura ta nuna a ranar a matsayin hujjar ƙara magani ba. Saboda haka ne likitoci suka fi son a riƙa aunawa a gida, a riƙa rubutawa, sannan a kawo musu takardar su yanke hukunci.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar auna sukari da tsinkayen gwajinta, 'yar allurar huda fata, auduga, da ɗan man basilin. Akwai na'urar da aka ƙera musamman domin dabbobi, kamar AlphaTRAK, amma wadda aka fi samu a kantunan magani na Jos ta mutane ce, kuma tana aiki muddin an san halinta. Yawancin sukarin jinin kyanwa yana cikin ruwan jinin ne, ba kamar na ɗan'adam ba da kaso mai yawa ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, don haka na'urar mutane takan nuna ƙasa da gaskiya. Sai a tsaya a kan na'ura ɗaya, a kuma sanar da likita wacce ce. A lura da ma'aunin da take nunawa: idan mmol/L ne, a ninka lambar sau 18 domin a sami mg/dL (miligiram a kowace desilita, ma'aunin duk lambobin da ke nan), wato 10 ta zama 180.

Wurin da ya fi sauƙin samun jini shi ne gefen kunne. Idan aka haska tocila ta bayan kunnen, za a ga wata siririyar jijiya tana bin bakinsa, kuma tsakanin wannan jijiya da ƙarshen kunnen ake hudawa. Abin da ya fi hana masu koyo samun jini shi ne sanyin kunne, kuma wannan matsala ce ta gaske a Jos, musamman da asubahin hunturu, lokacin da jini ke janyewa daga fata. A ɗumama kunnen tukuna na kamar minti ɗaya da tsumma mai ɗumi, ko da safa da aka zuba wa shinkafa aka ɗan ɗumama, bayan an gwada zafin a wuyan hannu. Daga nan a shafa basilin kaɗan ƙwarai domin jinin ya taru ya zama ɗigo maimakon ya bi gashi, a tokare kunnen da dunƙulen auduga ta ɗaya gefen, a huda da sauri sau ɗaya. Ana sa tsinken a cikin na'ura kafin a huda, domin kyanwa ba za ta jira ba, kuma da zarar ta kaɗa kai ɗigon ya tafi. Idan bakin tsinken ya zuƙi jinin, sai a danne wurin da auduga na ɗan lokaci don kada ya yi tabo. Kyanwar da ba ta yarda a taɓa mata kunne ba, ana iya hudar tsokar tafin ƙafarta.

Lamba ɗaya ba ta isa a yi hukunci da ita ba, ko da a gida aka same ta. Abin da likita yake buƙata shi ne jerin awo na wuni guda: a auna kafin abinci da allurar safe, sannan a ci gaba duk bayan awa 2 har zuwa allurar yamma, wato awa 12. Ga insulin mai daɗewa a jiki irin Lantus, duk bayan awa 3 ko 4 ya wadatar. A ranar kada a sauya komai na abinci ko lokaci, kuma ba a yin wannan jeri sai an yi kwana 7 zuwa 14 a kan adadin magani ɗaya, domin jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya daidaita. Daga jerin ake gane inda sukari ya fi sauka, da lokacin da ya sauka, da kuma tsawon aikin allurar. Abin da aka saba nema shi ne mafi ƙanƙantar lamba ta faɗa tsakanin 80 da 150, mafi yawan wunin kuma ya kasance ƙasa da 300. A misali, idan an fara da 280 da ƙarfe 7 na safe, aka sauka 130 da azahar, aka koma 260 da magariba, to maganin yana aiki yadda ake so.

A ganina, mafi ƙanƙantar lambar ita ce ya kamata mai kyanwa ya fi sa wa ido, domin hawan sukari yana lahani ne a hankali, amma faɗuwarsa tana iya kisa cikin awoyi. Idan awo ya nuna ƙasa da 60, ko kyanwar ta fara tangaɗi, makyarkyata, ko kasala ta ba-zata, a ba ta abinci nan take in tana iya ci. In ba ta iyawa, a shafa mata zuma a dasashi, kada a ɗura mata komai a baki, a garzaya da ita asibiti, kuma kada a yi allura ta gaba sai likita ya ce. Akwai kuma wani tarko: idan insulin ya yi yawa har sukari ya faɗi warwas, jiki yana iya mayar da martani ta hanyar sako sukari daga hanta, sai a wayi gari da lamba mai tsawo. Wanda ya auna da safe kawai zai ɗauka maganin ya yi kaɗan, ya ƙara, alhali ragewa ya kamata a yi.

Gwaji na biyu, wanda sai a ɗakin gwaji ake yin sa, shi ne furuktosamin. Yana auna yawan sukarin da ya manne wa furotin ɗin jini, don haka yana nuna matsakaicin hali na mako 1 zuwa 2 da suka wuce, kuma firgicin ranar asibiti ba ya taɓa shi. Wannan ya sa yake da amfani ga kyanwar da ba ta barin a huda ta a gida. Iyakarsa ita ce matsakaici kawai yake bayarwa, ba ya nuna faɗuwar da ta auku da tsakar rana. Yakan kuma fito ƙasa da gaskiya ga kyanwar da tayirod ɗinta, wata 'yar gaɓa da ke wuya, ke aiki fiye da kima, ko wadda furotin ɗin jininta ya ragu. Idan ya sauko sosai ga kyanwar da ake yi wa allura, ko dai maganin ya yi yawa ko kuma ciwon ya fara lafawa, abin da kan faru ga kyanwoyi, musamman waɗanda aka kama ciwonsu da wuri aka kuma rage musu abinci mai sitaci.

Wasu likitoci suna manna 'yar na'urar FreeStyle Libre a fatar da aka aske, tana karanta sukari dare da rana har kwana 14, ko da yake kyanwa takan sosa ta ta cire kafin lokacin. Awon fitsari kuwa ba ya maye gurbin na jini, domin sukari ba ya fita a fitsarin kyanwa sai ya haura wajajen 250 zuwa 290. Amfaninsa babba shi ne gano kiton, sinadarin da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse maimakon sukari, wanda bayyanarsa tare da amai ko ƙin cin abinci ke nufin a tafi asibiti a ranar.

Kafin a zargi adadin magani saboda lambobi marasa kan gado, a duba sirinji da kwalba. Caninsulin, wani insulin na dabbobi, yana da raka'a (ma'aunin insulin) 40 a kowace mililita, Lantus kuwa 100, kuma wanda ya zuƙi Lantus da sirinjin raka'a 40 ya ba kyanwarsa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Insulin ɗin da ya daskare a firji, ko ya sha zafi saboda ɗaukewar wuta ta kwanaki, ƙarfinsa yana raguwa, haka ma tsinkayen gwajin da aka bar kwalbarsu a buɗe a lokacin damina suna ba da lambar ƙarya. A cikin littafin da ake rubuta awon, a ƙara da yawan ruwan da kyanwar ta sha a wuni, da yadda take cin abinci, da nauyinta sau ɗaya a mako, domin likita yana haɗa waɗannan ne da lambobin kafin ya taɓa adadin allurar.