Darasi na Bakwai: Motar Gas ko Motar Fetur, Wacce Za Ka Saya Don Ɗaukar Kaya?

Kusan duk tirelar da ka gani tana lodin hatsi a kasuwar Dawanau, ko tana kwasar shanu daga Potiskum zuwa kudu, gas, wato man dizal, take sha. Tifa da tanka ma haka. Amma a-kori-kura, irin Peugeot 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da fetur ta shekara tana jigilar buhuna daga ƙauye zuwa kasuwa. Wanda ya tara kuɗi zai sayi motar kaya, ya kamata ya san dalilin wannan bambanci kafin ya je wurin dillali.

A injin fetur, iska da mai suna gauraya, fistin ya matse su, sai fulogi ya yi tartsatsi wuta ta kama. Injin gas ba ya da irin wannan fulogi. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta wajen ninki 15 zuwa 20 har ta yi zafi ƙwarai, sannan nozul ya fesa gas a ciki, ya kama da kansa. Matsin injin fetur bai cika wuce ninki 10 zuwa 12 ba. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙera injin gas, kuma a 1897 ne injinsa ya yi aiki sosai.

Wannan matsi mai yawa shi ke ba injin gas ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali. Nan ne maganar take ga mai ɗaukar kaya. Mota cike da buhuna, a tsaye cikin yashi ko a gindin tudu, ba gudu take bukata ba, abin da zai ɗaga ta take nema. Direban motar gas zai saki kuloci a hankali, motar ta yi gurnani ta miƙe. Direban motar fetur kuwa sai ya taka totur inji ya yi ƙara, ya riƙe kuloci rabi da rabi, har wani lokaci ka ji ƙaurinsa. Motar fetur kamar doki ce, ta gas kuma san noma: ba wanda zai yi sukuwa da sa, amma shi ake ɗaura wa garma.

Sai maganar mai. Litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma injin gas ya fi tattalin abin da ya sha. A Nijeriya gas ya daɗe ba ya cikin tallafi, shi ya sa a da mutane ke gudunsa. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, tazarar farashin ta ragu sosai. Saboda haka kada ka tsaya ga kuɗin lita ɗaya, ka lissafa kuɗin tafiya gaba ɗaya.

Ga misali don koyon lissafi. A ce motar fetur ta sha lita 40 a tafiya, kowace lita N900. Kuɗin mai N36,000 ke nan. Motar gas ta sha lita 28 a wannan tafiya, kowace lita N1,100, wato N30,800. Gas ya fi tsada a famfo, amma mai motar gas ya rage N5,200. Wanda ke kan hanya kullum, wannan ragowa za ta taru. Wanda sai ranar kasuwa yake fita, zai daɗe bai mayar da ƙarin kuɗin da ya zuba wajen sayen motar ba.

Domin motar gas ta fi tsada a saye, kuma ranar da ta lalace aljihu zai ji a jika. Baƙin man da ake zuba wa injinta ya fi yawa, manyan ma batir biyu suke amfani da shi. Famfon da ke tura gas cikin inji da nozul ba kowane makanike ke taɓa su ba, sau da yawa sai an kai birni. Motar fetur ko a bakin kasuwar ƙauye za ka sami mai canza fulogi.

Babban maƙiyin injin gas shi ne gurɓataccen mai. Gas ɗin jarka na gefen titi, mai ruwa ko mai gauraye da kananzir, yana cinye famfo, musamman a sababbin motoci masu kwamfuta. A ƙasan filtar gas akwai ɗan maɓalli da ake kwancewa ruwa ya zube. Ka saba da shi. Kada ka bari tanki ya ƙafe, don inji zai sha iska, sai an yi ta buga ƙaramin famfon hannu kafin ya tashi. In kuma aka yi kuskure aka zuba maka fetur, kada ka murza makulli. A ture motar gefe a juye tankin, domin gas ne ke shafa wa famfo maiƙo, fetur kuwa wanke shi yake yi.

A gangara irin ta Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ƙarfin ja ba ya taimakon kowa. Ka sa babbar giya, wato ta ɗaya ko ta biyu, tun kafin ka fara sauka, in motar tana da birkin salansa, wato mai toshe hanyar hayaƙi don inji ya riƙe motar, ka kunna shi. Birkin ƙafa da aka danne ba hutawa yakan yi zafi ya ƙi kamawa. Kuma ko wane inji ne, Hilux dai kusan tan ɗaya take ɗauka, wato buhu 10 masu kilo 100. Mai ɗora mata 20 don injin gas ne, sifirin da taya da birki yake kashewa.

A ganina, mai buhu goma zuwa kasuwar mako-mako ya sayi ta fetur hankali kwance. Mai tan uku ko fiye, doguwar hanya, kusan kullum, ya nemi motar gas irin Kanta (Mitsubishi Canter) ko wadda ta fi ta.

Aikin gida: je gidan mai mafi kusa, ka rubuto farashin litar fetur da ta gas. Ka sake lissafin da ke sama da waɗannan farashi. Sannan ka tambayi wani direban motar kaya lita nawa yake sha daga garinku zuwa babbar kasuwa, da lodi da kuma ba lodi, ka kawo amsar aji.